Rumbun da Ba Ya Juyi

Shekara goma sha ɗaya tana kan cinyata,
'yar kwamfutar nan da ba ta kai faɗin tiren shayi ba.
A cikinta akwai lissafin albasar Kwalkwalawa:
wa ya kawo buhu nawa, wa ya ci bashin taki,
wa ya rasu bai biya ba muka yafe.

In na kunna ta da safe
sai in ɗora buta a wuta,
in share ƙofar gida, in gaida Malam Buhari mai icce,
in dawo in same ta tana miƙa
kamar tsohuwar da ta kwana a kan tabarma.

Sai bazarar bana,
ranar da kwalta ta yi laushi a Mabera,
ta fara wani ƙas, ƙas, ƙas daga ciki,
irin na kazar da ke tsattsagar faranti babu tsaba.

Sahabi, mai shago ƙarƙashin bene a Runjin Sambo,
ya kara kunne, ya ɗago:
"Baba, faifan ga ya gaji.
Juyi shi kai tun ran da anka ƙera shi.
Ran da duk ya tsaya, shi tahi da komi naka."

Ya ɓare leda ya miƙo mini wani abu, wai es-es-di,
bai kai kwalin ashana kauri ba.
Na girgiza shi kusa da kunne. Shiru.
Na ce, yaro, fanko za ka sayar mini?
Ya ce, "Rumbu na, amma babu abin da ka motsi ciki.
Ko ka yi tuntuɓe da ita, ba ruwanai."
Kuɗin rabin buhu. Na ƙirga sau biyu, na ba shi.

Kafin a rushe tsohon rumbu sai an kwashe hatsi.
Ya haɗa waya, wani koren zare ya fara rarrafe a gilashi.
Aka ɗauke wuta, aka tada injin maƙwabci,
muka yi la'asar, muka sha ruwan leda har uku,
zaren na tafiyar jakin da aka yi wa lodin yashi.
Dab da ƙarshe ya tsaya.
Ƙas. Ƙas.
Shafi guda ya ƙi hayewa:
bashin Ɗantsoho, na shekarar da Rima ta cinye fadama.

Kusoshi huɗu, kowanne kamar ƙwayar dawa,
Sahabi ya tara a murfin lemo.
Ɗaya ya faɗi, muka durƙusa da fitilar waya,
ni da furfurata, muna lalube a ƙarƙashin benci.
Ya zare tsohon, da ɗuminsa kamar ƙwan da aka janye daga kaza,
ya zura sabon, ya ɗaure.

Ya danna.
Ban kai ƙarshen bisimilla ba ta buɗe ido.

Yanzu in na kunna ta, kafin in ɗauki ashana
ta riga ta zauna tana kallona.
Ba gurnani, ba zafi a cinya.
Ashe duk shekarun nan
a cikin nawarta nake samun safiyata.
Kwana biyar ban leƙa waje ba,
har Malam Buhari ya aiko jika ya ji ko lafiya.

To, na koma yadda nake.
In kunna, in ɗora buta, in ɗauki tsintsiya.
Ta jira ni, ai na jira ta.

Tsohon faifan yana cikin gwangwanin madara bisa kanta.
Jiya Ɗantsoho ya zo da jikansa a baya,
ya tambaya a hankali nawa ya rage a kansa.
Na san adadin har da sulallansa.
Na juya masa gilashin, na ce duba da kanka,
babu sunanka a nan.